Yadda ake shirya wasan Romiyo da Juliyet da yaran unguwa a Legas

Ni malamar adabi ce a wata sakandare mai zaman kanta a Agege, kuma a nan Zango aka yanke mini cibiya. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano. Sau biyu ina shirya wasan Romiyo da Juliyet da Hausa tare da ɗalibaina a farfajiyar makaranta, iyaye na zaune kan fararen kujerun roba na haya. Tun daga nan malamai daga Idi-Araba da Obalende ke kirana a waya, suna tambayar yadda aka yi dattawa suka zauna har ƙarshe. Ga abin da hannuna ya taɓa.

Ranar farko kada ku raba wa kowa rawar da zai taka. Ku ɗauki alli ku rubuta kwanakin wasan a allo. Shekspiya, marubucin wasan, wanda aka haifa a Ingila a 1564 ya rasu a 1616, ba shi ya ƙago labarin ba. Ya same shi ne a wata doguwar waƙa ta Arthur Brooke da ta fito a 1562, inda al'amarin ya ɗauki watanni. Da ya mai da shi wasan kwaikwayo, wanda aka fara bugawa a 1597, sai ya matse komai cikin kwana huɗu zuwa biyar. Lahadi da safe barorin gidan Montegu, wato gidan su Romiyo, da na Kafulet, gidan su Juliyet, suka kaure da faɗa a titin garin Berona. A daren nan Romiyo ya ga Juliyet a liyafar gidan Kafulet, kafin asuba sun yi wa juna alkawarin aure. Litinin aka ɗaura a ɓoye, a yinin kuma Tibalt, ɗan uwan Juliyet, ya kashe Makushiyo, abokin Romiyo, Romiyo ya kashe Tibalt, sarki ya kore shi daga gari. Talata da asuba ya kama hanyar Mantuwa, da daddare Juliyet ta sha maganin da zai kwantar da ita kamar gawa. Laraba da safe aka iske ta haka. Mako bai zagayo ba mutum shida sun mutu. Da na gama rubutawa, wani yaro daga bayan aji ya ce, "Malama, ai ko kuɗin gaisuwa ba a kai ba." Ya gane wasan ke nan. Yaron da ya saba ganin yayarsa ta bi ta na-gani-ina-so, baiko, sa rana da lefe, shi zai fi kowa jin nauyin wannan gaggawa. Ku bar jadawalin a allo har ranar wasa.

Wasan yana da kashi biyar, kuma dole ku rage shi. Mu awa ɗaya da kwata muka yi. Amma duk abin da za ku yanke, ku bar Rozalin. Ita ce yarinyar da Romiyo yake kuka a kanta da safiyar Lahadi, yana rantsuwa babu kamarta, kuma don ya gan ta ne ya saci jiki ya shiga liyafar. Da dare ya yi har ya manta da sunanta. Ba ta cewa uffan a wasan, shi ya sa ake saurin cire ta, alhali da ita ne mai kallo ke gane irin zuciyar da yaron yake da ita.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci ga wanda ke zaune a Legas. Zuciya za ta raya muku ku mai da gida ɗaya Hausawa, ɗaya Yarabawa. Ni ma haka na yi a karon farko, har mun yi mako biyu muna gwaji. Wata rana kakan ɗaya daga cikin yaran, tsohon mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba, ya zo ɗaukar jikansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli faɗan farko har ƙarshe. Da muka tashi ya kira ni gefe. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "'Yata, kin san abin da ya faru a Idi-Araba?" Na ce, "Na ji labari, Baba." Ya ce, "Ke kin ji, ni na ɗauki gawa. Kada ki sa yara su yi wasa da wannan." Rikicin watan Fabrairun 2002 yake nufi, wanda ya ci rayuka da gidaje. Na Mile 12 kuwa, a watan Maris na 2016, wasu daga cikin ɗalibaina suna tuna ranar da aka rufe kasuwar. A daren ban yi barci ba. Na koma na buɗe littafin, sai ga shi tun a gabatarwa marubucin ya ce gidajen biyu darajarsu ɗaya. Gari ɗaya, harshe ɗaya, addini ɗaya. Kuma daga farko har ƙarshe babu wanda ya faɗi mafarin gabar. An gaje ta ne kamar yadda ake gadon gona. Idan kuka sa ƙabila a ciki, kun ba gabar dalilin da ba ta da shi, kuma kowane mai kallo zai ɗauki ɓangare tun kafin yaran su buɗe baki. Mu kuwa mun san irin wannan gaba a cikin gidanmu: zuriya biyu a unguwa ɗaya da ba sa zuwa sunan juna, ka tambayi jikoki dalili su ce haka suka tarar. Don haka ku bar wasan a Berona ta ƙasar Italiya, da sunayensa. Ku bambanta gidajen da launin hula da mayafi kawai. Mu ja da shuɗi muka yi.

Barin sa a Berona zai sauƙaƙa muku wata wahalar ma. Kafin gwaji ya yi nisa, ku je da ƙafarku gidan kowace yarinya da za ta fito, kada ku aika takarda. Ku je wajen limamin unguwa. Ku faɗa musu abubuwa uku da bakinku tun kafin su ji a gari. Juliyet ba ta cika shekara 14 ba. An ɗaura mata aure ba da sanin mahaifinta ba, abin da a wurinmu ba aure ba ne tunda babu waliyyi. Sannan su biyun sun kashe kansu, wanda babban zunubi ne. Idan kun mai da Fada Lorens, wanda ya ɗaura musu auren, malamin zaure, kun sa malami ya ɗaura auren da babu malamin kirki da zai ɗaura, kuma iyaye suna da gaskiya idan suka tashi suka fita. Ku bar shi limamin Kirista na wancan zamani. Wata uwa ta ce mini, "Malama, kina so ki koya wa 'yata soyayya?" Na ce, "Hajiya, ki zo ki ga abin da ya sami yarinyar da ta rasa wanda za ta kai wa kuka." Ta zo, a sahun gaba ta zauna.

Maganar taɓa juna ba ta da wuya kamar yadda ake zato. A zamanin Shekspiya ma mata ba sa hawa dandamali a Ingila, yara maza ne ke fitowa a matsayinsu, kalmomi ne ke ɗaukar nauyin soyayyar. Namu Romiyo da Juliyet ko yatsa ba su haɗa ba. A wurin liyafa mun sa taku uku a tsakaninsu. Zancen dare kuma ba ya bukatar bene: mun ɗora tebur biyu, muka rufe da zanen gado, muka kafa firam ɗin taga da kafinta ya haɗa mana. Ita tana sama, shi yana ƙasa. Tazarar ta ƙara wa abin ƙarfi, domin duk wanda ya taɓa zuwa zance ya san abin da tsayuwa daga nesa ke yi wa zuciya.

Wajen rabon rawa, kowa zai so ya zama Romiyo. Ku kuwa ku ajiye gwanayenku don manya. Kafulet, mahaifin Juliyet, yana bukatar yaron da ya fi kowa iya sauya fuska, domin mutumin ba mugu ba ne tun farko. Shi ne ya ce wa Faris, mai neman auren Juliyet, ya dakata shekara biyu, 'yarsa ba ta isa ba, ya kuma nemi yardarta. Shi ne ya tsawata wa Tibalt a liyafa, ya ce a ƙyale Romiyo, gari na yabon halinsa. Kwana ɗaya tak bayan haka ya ba da ita ba tare da ya tambaye ta ba, ya sa ranar Alhamis. Da ta ƙi, ya ce ta bar masa gida, ko bara za ta yi ko yunwa ce za ta kashe ta a titi, babu ruwansa. Da ta dawo ta nuna ta amince, murna ta sa ya jawo ranar zuwa Laraba, kuma wannan kwana ɗaya da ya rage ya taimaka wajen rushe dabarar Fada. A fage guda ku sa yarinyar ta juya wajen mutum uku ɗaya bayan ɗaya. Uba ya fice a fusace. Uwa ta ce ta gama magana da ita. Mai renonta, wadda ta shayar da ita, wadda ta kai saƙon auren da ƙafarta, ta ce ta haƙura ta auri Faris. Ku ja wannan fage, kada ku yi sauri, ku bar shiru ya yi aiki bayan fitar kowane. A nan na ga mata suna goge ido da gefen mayafi. Fada Lorens shi ma ku nuna shi yadda yake: niyyarsa ta sulhunta gidajen ce, yana yi wa Romiyo huɗubar a bi a hankali, amma shi ya ɗaura auren cikin yini ɗaya, shi ya ba da maganin da ke aiki awa 42, shi kuma ya gudu ya bar yarinya a kabari da ya ji motsin 'yan sintiri. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe, kuma a wasan nan manya ma sun yi saurin.

Faɗa kuwa ku ƙirga shi kamar rawa. Takubban kwali da aka naɗe da takardar azurfa sun isa. Kada ku yarda da sanda ko kara, yara in jini ya hau ba sa jin kira. Kowane sara yana da lamba, a maimaita a hankali har ya zauna. Ku tabbata mai kallo ya ga cewa ta ƙarƙashin hannun Romiyo, lokacin da ya shiga rabo, aka soki Makushiyo. Makushiyo ba ɗan kowane gida ba ne a cikin biyun, ɗan uwan sarki ne, kuma ya mutu yana la'antar gidajen duka.

Ku rubuta Hausar da kanku, kada ku bi Turancin kalma da kalma. Ku karanta fage, ku rufe littafi, ku tambayi yaran yadda kakarsu za ta faɗi wannan magana. Yaran Agege suna cuɗa Hausa da Yarabanci da burokin, kuma na bar barorin gidajen biyu su yi hakan, an kuwa yi dariya. Amma sarki da iyaye Hausa tsantsa suka yi. Mai reno mun sa ana ce mata Inna, ta zo da karin magana a bakinta.

Sauran sha'ani kaɗan ne. Gwaji tsakanin La'asar da Magariba, don 'yan mata su isa gida da haske, kuma wanda zai hau danfo daga nesa ya tashi kafin cunkoso. Ku guji watan Yuni da Yuli idan a fili za ku yi, ruwan Legas ba ya sallama. Ku tanadi janareta, ku ajiye shi nesa da dandamali. Mako takwas ya ishe mu.

Fagen kabari shi ne inda za ku fi taka-tsantsan, domin akwai yara a cikin masu kallo da ba ku san abin da ke ransu ba. Babu kiɗa mai taushi, babu furanni, babu kwanciya kusa da juna kamar masu barci. Mun rage haske, aka yi abin a gajarce, rabi a bayan labule. Nauyin mun ɗora shi kan abubuwan da suka gabata: wasiƙar da Fada ya aika wa Romiyo cewa Juliyet ba mutuwa ta yi ba, wadda ba ta isa Mantuwa ba saboda an kulle ɗan aiken a wani gida bisa zargin annoba, da matalaucin mai sayar da magani da ya san hukuncin kisa ne sayar da guba amma yunwa ta sa ya karɓi tsabar zinariya 40 daga hannun Romiyo. Daga nan a kunna fitila duka, iyaye su shigo. Montegu ya zo shi kaɗai, matarsa ta rasu a daren saboda baƙin cikin korar ɗanta. Dattawan biyu su yi musabaha, kowa ya yi alkawarin gina wa ɗan ɗayan mutum-mutumin zinariya. Na umarci yaran biyu da suka fito a dattawan su riƙe hannun juna su ƙirga ashirin a zuci, suna kallon ƙasa, kada wanda ya yi murmushi.

Kada ku bari a kwashe kujeru nan take. Ku yi ciniki da mai haya tun farko ya ƙara muku awa ɗaya, ku tanadi zoɓo da ruwan leda. Ku fito da yaran da kayan wasansu a jiki su zauna a bakin dandamali, ku miƙa lasifika ga iyaye, ku fara da wanda ya fi kowa shekaru. A namu, tsohon nan na Oko-Oba ne ya karɓa. Ya dubi yaron da ya fito a Kafulet ya ce, "Kai, zo nan. Me ya hana ka tambayar yarinyar nan tun ranar Litinin?"