Yadda ake kula da mabuɗan shigar da bayanai da matsefansu a LogScale ta hanyar API

Duk wanda ke kula da kwamfutocin wata ma'aikata a Zariya, musamman mai ofisoshi a warwatse tsakanin Samaru, Kongo da Sabon Gari, ya san cewa ranar da matsala ta taso, rajistar da injina ke rubutawa game da aikinsu ita ce shaidar farko da ake nema. Falcon LogScale na cikin manhajojin da ke tattara irin wannan rajista wuri guda. Asalinta Humio ce, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Denmak, kamfanin CrowdStrike ya saye ta a 2021, aka kuma sauya mata suna a 2022. Ana iya sarrafa ta da linzami a fuskar kwamfuta, amma idan injina suka yi yawa, gara a koma ga API ɗinta, wato ƙofar da ake aika mata umarni a rubuce, wanda aka gina a kan yaren tambaya na GraphQL.

Abu biyu ne ke yanke makomar kowane layin da ya shiga rumbun ajiya. Na farko shi ne mabuɗin shigarwa, wato dogon jerin haruffa da inji ke nunawa kafin a karɓi saƙonsa. Na biyu shi ne abin da manhajar ke kira parser, wanda zan kira matsefi, domin aikinsa shi ne tsefe layin da ya zo a dunƙule ya ware lokaci, adireshin inji da sauran sassa. Kowane mabuɗin shigarwa na rumbu guda ne, rubutu kawai yake iya yi, ba ya karanta komai. Ya sha bamban da mabuɗinka na kanka wanda kake kiran API da shi, domin wancan yana ɗauke da duk ikon da kake da shi, kuma bai kamata ya taɓa kwana a kan injin da ke aika rajista ba.

Ka fara da matsefi kafin mabuɗi. Dalili kuwa shi ne ana tsefe bayani ne a daidai lokacin shigarsa, kuma gyaran da ka yi wa matsefi gobe ba zai koma ya gyara abin da ya shiga yau ba. Idan rajistarka ta saba da tsarin da aka sani, akwai matsefai na cikin gida irin su json, kv, syslog da accesslog. Idan kuwa za ka rubuta naka, ka ɗebo layuka na gaske daga injin, har da marasa kyan gani, ka sa su a matsayin misalan gwaji, bayan ka goge sunayen mutane da lambobin wayarsu, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi abin da ke cikin rajista kamar yadda ta shafi kowane kundi.

A nan nake so a tsaya a natsu, domin batun lokaci ne ya fi cin mutane. Tsohon tsarin rubuta rajista na syslog, wanda ke cikin takardar ƙa'ida ta RFC 3164, ba ya rubuta shekara ko yankin lokaci, sabanin RFC 5424 na 2009 da ke rubuta su. Agogonmu yana gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da sa'a guda, saboda haka idan inji ya rubuta ƙarfe 9 na safe da agogon Zariya, matsefi kuma ya ɗauka UTC ne, lokacin da zai karanta ya zarce na gaskiya da sa'a ɗaya. Na taɓa kwafo misalin da aka rubuta don wata ƙasa ban duba wannan ba, sai da muka zo bin sawun wani kutse muka tarar jerin abubuwan ya birkice. Maganin shi ne a rubuta Africa/Lagos a matsayin yankin lokaci a cikin parseTimestamp, umarnin da matsefi ke karanta lokaci da shi. Wannan ya ƙara muhimmanci a wurinmu, inda wuta kan ɗauke ko intanet ya yanke, injin aikawa ya tara layuka ya turo su bayan sa'o'i. In matsefi bai karanta lokacin da ke cikin layin ba, duk za su zama kamar a lokacin isowarsu suka faru.

Bayan matsefi ya ci gwaji, sai ka aika buƙata zuwa adireshin /graphql, mabuɗinka na kanka yana cikin kan saƙo bayan kalmar Bearer. Umarnin addIngestTokenV3 yana karɓar sunan rumbu, sunan mabuɗin da kuma matsefin da za a ɗaura masa. Irin waɗannan sunaye kan sauya daga siga zuwa siga, don haka ka duba tsarin API na sigar da ke hannunka. Kada lambar 200, wadda a al'ada ke nufin buƙata ta yi nasara, ta ruɗe ka, domin GraphQL kan mayar da ita ko da umarni ya gaza, sai ka karanta sashen errors na amsar.

Shawarata ita ce kowace majiya ta sami nata mabuɗin, da suna mai ma'ana irin su samaru-katanga ko kongo-yanar-gizo. Mabuɗi ɗaya ga kowa yana da sauƙi a ranar farko, amma ranar da ya fallasa dole ka katse kowa a lokaci guda.

Ka aika layi ɗaya na gwaji da sabon mabuɗin, sannan ka nemi @error=true, alamar layukan da aka samu kuskure wajen tsefe su, a rumbun. Idan wani abu ya fito, @error_msg zai nuna inda matsefi ya tuntuɓe, @rawstring kuma zai nuna layin yadda ya iso.

Sauya mabuɗi yana da nasa tsari, kuma gaggawa ce ke ɓata shi. Ka ƙirƙiri sabo da matsefi iri ɗaya, ka sa shi a injin aikawa, ka tabbatar bayanai na isowa, sannan ka goge tsohon da removeIngestToken. Idan akwai reshen da injinsa ke kashe saboda rashin wuta, ka jira ya dawo ya karɓi sabon kafin gogewar, in ba haka ba za a ƙi karɓar duk abin da ya tara.