Babi na Bakwai: Yadda Ake Dafa wa Karen Gadi Abinci a Gida

Darasi na 1: Amanar da aka bar maka

Da yawa daga cikinku masu zuwa ajin dare aikin gadi kuke yi a Lekki, Ikoyi, Magodo ko Ikeja, kuma yawancin gidajen nan akwai kare. Oga zai fita da sassafe don ya tsere wa cunkoson motoci, ya miƙa maka kuɗi, ya ce a ba kare abinci. Babu wanda ya zaunar da kai ya nuna maka abin da za ka zuba a tukunya. Abincin karnuka na buhu ya yi tsada, shi ya sa gidaje da yawa suka koma dafawa. In karen ya kwanta ciwo kuwa, kai za a fara kira.

Ko da a garinku ba a saba da kiwon kare ba, wannan dabba ce mai rai da aka ɗaure a tsakar gida, ba ta iya fita ta nema wa kanta. Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin mutumin da ya ga kare yana lallage harshe don ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ɗebo masa ruwa a takalminsa, Allah ya gafarta masa. Saboda haka mu yi aikin da kyau. Karanta a hankali, ka bi layi da yatsa. Inda ya kakare maka, ka koma farkon layin. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 2: Abin da za ka sayo

Za mu yi awon abincin yini ɗaya na babban kare mai nauyin kilo 25. In naka ya fi haka ka ƙara, in bai kai ba ka rage. In ba ka san nauyinsa ba, ka tambayi likitan dabbobi ranar da ya zo yin allura, ka rubuta lambar a bayan wannan littafi.

Na farko nama, gram 350. In lambar ta rikita ka, ka ce wa mahauci ya raba kilo ɗaya gida uku daidai. Kashi ɗaya, wanda ya kusa gram 350, shi ne na yini ɗaya. A kwatar Oko-Oba da ke Agege ana samun zuciya, huhu da tumbi da sauƙi fiye da tsoka, kuma kare yana amfana da su. Sai dai ka yanke kitsen da ya yi yawa ka zubar, domin kitse mai yawa yana sa shi amai da gudawa. Hanta tana da kyau, amma kaɗan ake sa wa, kamar tsawon yatsa biyu a rana. Ranar da babu nama, kifin titus ko kaza sun wadatar.

Na biyu shinkafa, gwangwanin madara ɗaya. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa nake nufi, wanda mai shayi yake hudawa, kuma ɗanyar shinkafa ake aunawa, tun kafin ta shiga ruwa. Ana iya musanya ta da dankalin Hausa manya biyu. Teba tana cika ciki, amma rogo ba ya gina jiki. Karen da ake ba teba zalla kullum zai yi tumbi, gashinsa ya dusashe, ƙafafunsa su sirance.

Na uku kayan lambu: karas biyu, ko yankan kabewa, da ganyen alayyahu ko ugu cikin tafin hannu. Duk suna nan a kasuwar Mile 12. Sai ƙwai ɗaya, da mai cokali ɗaya na cin abinci.

Yanzu ka sake duba abin da muka lissafa. Ka ga albasa a ciki? Babu. Ka ga gishiri, magi, attaruhu ko tafarnuwa? Babu. Ba mantawa na yi ba.

Darasi na 3: Dafuwa, da wurin da aka fi yin kuskure

Ka ware wa kare tukunyarsa da ludayinsa da kwanonsa. Ɗauki fenti ko alli ka rubuta a jikin tukunyar da manyan baƙaƙe: TA KARE. A ƙasa ka ƙara: BA ALBASA. Ka fara gwada rubutawa a takarda har hannunka ya saba.

Wanke naman, ka yanka ƙanana, ka zuba a tukunya, ka zuba ruwa ya rufe shi, ka ɗora a wuta. Tsaya nan. A daidai wannan wuri ne hannu yake zuwa kan albasa da kansa, domin tun muna yara haka muka ga ana tafasa nama: albasa, gishiri, magi. Na sha ganin ɗalibi ya karanta darasin daidai a aji, ya amsa tambaya daidai, da aka je gwaji sai ga shi ya riƙe wuƙa ya fara yanka albasa yana hira. Wannan ba rashin fahimta ba ne, sabo ne kawai. Maganinsa shi ne ka kwashe albasa da magi da gishiri daga kusa da murhu tun kafin ka kunna wuta. A wannan mataki, nama da ruwa kaɗai ke shiga tukunyar nan.

Ga dalili. A cikin albasa akwai sinadarin da ba ya yi wa mutum komai, amma yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Tafarnuwa ma haka, har ta fi ƙarfi. Lawashi ma haka. Matsakaiciyar albasa guda, wadda ta kai gram 125, ta isa ta taɓa jinin kare mai kilo 25. In kuma kaɗan-kaɗan yake ci kullum, illar taruwa take yi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne kare ba ya faɗuwa nan take. Zai cinye, ya kaɗa wutsiya, ka ce ai ba komai. Sai bayan kwana biyu, uku, har biyar ka ga ya ƙi tashi daga inuwa, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa. In ka ɗaga leɓensa, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya yi fari. Wanda ya ga haka ya kira oga, a kira likita a ranar.

Ga tambayoyin da kuke yi mini kowace shekara. Malam, in albasar ta dahu fa? Dahuwa ba ta kashe sinadarin. Malam, in na soya ta? Suya ma ba ta kashe shi. In na tsame albasar na ba shi romon kawai? Ya riga ya shiga romon. In na wanke naman miya da ruwa? Naman ya sha miyar tun a wuta. Tambaya ba laifi ba ce, ku ci gaba da yi. Amma amsar ɗaya ce: abin da albasa ta taɓa a tukunya ya zama na mutane.

Mu koma kan wuta. In naman ya yi kamar minti 30 yana tafasa, zuba wankakkiyar shinkafa a cikin romon. Ƙara ruwa fiye da yadda kake yi wa taka, domin ana so ta yi laushi sosai. Yanka karas ko kabewa ƙanana ka zuba. Wanke ƙwan ka jefa shi da ɓawonsa ya dahu a ciki. Ganye shi ne na ƙarshe, minti biyar kafin saukewa. In ka ɗaga murfi ka ji abincin ba ƙamshi, lami, to ya yi daidai. Kada tausayi ya sa ka ce bari in ɗan barbaɗa magi ya ji daɗi. Hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, ƙamshin naman ya ishe shi. Gishiri mai yawa kuwa ƙishirwa yake sa masa, ya wahalar da ƙodarsa.

Sauke, ɓare ƙwan ka farfasa a ciki, ka adana ɓawon. Zuba mai cokali ɗaya, juya, ka bari ya huce. Sa yatsa a tsakiyar abincin, ba a gefe ba. In yatsanka bai iya zama ba, bakin kare ma ba zai iya ba. Raba gida biyu: rabi da safe, rabi da yamma.

In tukunya ɗaya gare ka, ko kuwa kukun gidan ne ke tafasa naman gaba ɗaya, to a ɗebi rabon kare tukuna, sannan a sa albasa. Rabon kare tukuna, albasa daga baya. Faɗi da bakinka. Ka gaya wa kuku, ka gaya wa yaran gida.

A nan sai na yi muku faɗa. Mun yi wannan darasi, mun maimaita, amma har yanzu akwai masu juye wa kare ragowar dafa-duka da jar miya da aka kwaso daga biki, wai kada a yi asara. Akwai masu jefa masa sauran tsire da yajinsa da yankakkiyar albasarsa a cikin takarda. Akwai masu dafa masa taliyar leda su juye ƙunshin kayan ɗanɗanon duka. Haba, jama'a! Kun iya karanta lambar mota, kun iya karanta saƙon kuɗi a waya, kalma biyu a jikin tukunya ce za ta gagare ku? Wanda ya ji dalili ya sake zubawa, wannan ba mantuwa ba ce, ganganci ne. Je ka duba tukunyarka yanzu. Me aka rubuta? BA ALBASA.

Darasi na 4: Ƙashi da ɓawon ƙwai

An saba cewa kare da ƙashi, amma dafaffen ƙashi haɗari ne, musamman na kaza. In ya dahu yakan tsattsage ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Zare ƙashin kaza da ƙayar kifi kaf kafin ka zuba.

To amma nama da shinkafa ba su da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi. Ɓawon ƙwan da ka adana shi zai cike wannan. Shanya shi ya bushe ƙarau, ka daka a turmi mai tsabta wanda ba a daka yaji a ciki ba, har ya yi laushi kamar garin tuwo. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ba da kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ya ishi wannan kare a yini. Barbaɗa rabi da safe, rabi da yamma.

Wannan awo na babban kare ne. Ɗan kwikwiyo, musamman na manyan iri kamar Boerboel da Alsatian, awonsa daban ne, kuma kuskure yana lanƙwasa masa ƙafa. Likita ne zai tsara nasa. Ko na babban ma, ka nuna wa likita wannan shafi, wataƙila ya ƙara masa maganin ƙarin kuzari.

Kuma turmin da aka daka tafarnuwa a ciki, a wanke shi da sabulu tukuna.

Darasi na 5: Ajiya da ruwa

Zafin Legas ba ya barin abinci. Abin da kare bai cinye ba cikin minti 20, ɗauke ka zubar, ka wanke kwanon. A firji abincin yana kwana uku, in ba a ɗauke wuta ba. In an ɗauke wuta tun dare, ka shinshina, in ya fara tsami a zubar. Wanda ba shi da firji ya dafa na yini ɗaya kawai, ya sake tafasa rabon yamma, ya bari ya huce. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna ba ta shiga tukunya, tana lalata hanta.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Kare mai kilo 25 yana shan wajen lita ɗaya da rabi a rana, lokacin zafi fiye da haka. Ajiye kwanon a inuwa, ka canza safe da yamma.

In karen ya saba da abincin buhu, kada ka sauya masa rana ɗaya. Ka riƙa gauraya sabon da tsohon, kana ƙara sabon kaɗan-kaɗan har mako guda.

Darasi na 6: Sauran abin da ba a ba kare

Goro, shayi, kofi, cakulan, inabi, zabibi, cingam. Maganin ciwon kai na mutane, irin su farasitamol, kada ka ba shi da kanka. Kwafe waɗannan sunaye a littafinka, ka sa albasa da tafarnuwa a layin farko.

Darasi na 7: Dubawa

Duk mako ka shafa gefen ƙirjinsa. In kana jin haƙarƙari a ƙarƙashin tafinka amma ido ba ya ganinsu, awon ya yi. In sun fito fili, ƙara abinci. In ba ka jin su sam, rage shinkafa. Ka tuna wa oga allurar haukan kare duk shekara, da maganin tsutsa duk wata uku.

Aikin gida: rubuta kayan haɗin nan da awonsu ba tare da ka duba littafi ba, ka kawo ranar Asabar.