Babi na 6: Kiwon Zuma

Darasi na 1: Amya

Amya ita ce ɗakin ƙudan zuma. Ta gargajiya da ciyawa ake saƙa ta, a shafe da kashin shanu, a rataya a bishiya. Mu ta katako za mu yi aiki da ita, mai sanduna jere a samanta, inda ƙudan ke gina saƙar zuma a ƙarƙashin kowace sanda. Ku faɗa wa kafinta faɗin kowace sanda santimita 3.2 ne. Ku rubuta masa a takarda, ai yanzu kun iya. In faɗin ya kauce, ƙudan za su haɗe saƙa biyu, ɗagawa ta gagara. Ku goga kaki a ƙarƙashin kowace sanda, ƙanshinsa ne ke kiran su. Ku ajiye amyar a inuwar ɗorawa ko kaɗanya, nesa da hanyar yara da turken dabbobi.

Darasi na 2: Hayaƙi

A nan ne aka fi tuntuɓe, don haka mu bi a sannu.

Ku je da yamma liƙis, sanye da rigar kariya, ba turare a jikinku. Ku sa totuwar masara ko busasshen kashin shanu a gwangwanin hayaƙi, ku kunna. Ku fara busa wa bayan hannunku. Da zafi? To bai yi ba. Hayaƙi mai sanyi, fari, shi ake so.

Ku busa sau uku a ƙofar amya. Ku tsaya. Ku ƙirga daga 1 zuwa 60, sau biyu. Sannan ku buɗe.

Me ya sa za a tsaya? In ƙudan suka ji hayaƙi, sai su ruga su cika ciki da zuma, su lafa. Hayaƙin kuma yana rufe warin da suke kiran juna da shi zuwa faɗa. Wannan yana son lokaci.

A sake: busa, tsaya, ƙirga, buɗe. Madalla. Wanda ya manta, ba komai, ya koma farko.

Amma jama'a, ku ji tsoron Allah ku daina gaggawa! Mutum ya busa sau ɗaya ya fizge murfi, gobe ya zo aji da kumburarriyar fuska yana cewa zumarsa mugaye ne. Ba muguntarsu ba ce, ƙirga ne bai yi ba. Mai zuwa da bakin wuta kuma yana babbake su, wa zai yi masa zumar baɗi?

Busa, tsaya, ƙirga, buɗe. Ku rubuta shi sau biyar a littafinku.

Darasi na 3: Ɗiba

Ku yanki saƙar da aka toshe ramukanta da kaki, ita ce ta nuna. Wadda ba a toshe ba ruwa gare ta, za ta yi tsami. Mai 'ya'ya ku bar musu. In an harbe ku, ku kankare ƙarin da farce, kada ku matsa. Wanda numfashi ya yi wa wuya, a kai shi asibiti nan take.

Darasi na 4: Rani da tururuwa

Ku ajiye musu ruwa a kasko, da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Ƙafafun amya kuma a shafa musu baƙin mai don kada tururuwa su hau.