Yadda Za Ka Gane Ko Kwamfutarka Za Ta Ɗauki Windows 11, Da Abin Yi Idan Ba Za Ta Ɗauka Ba

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, bayan ta shafe shekara goma tana aiki tun fitowarta a watan Yulin 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki kamar kullum, sai dai gyare-gyaren tsaro da ake aikowa kyauta duk wata sun tsaya, saboda haka duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano daga baya za ta zauna a buɗe. Wannan ya sa shawarwari suka yi yawa. Wani zai ce a koma Linux, wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, domin kyauta ce kuma ba ta da nauyi, wani ya ce a cusa Windows 11 da ƙarfi ko da injin bai cika sharuɗɗa ba, wani kuma ya ce a sayar da kwamfutar a huta. Kowannensu yana magana ne a kan injin da ke gabansa da irin aikin da yake yi, kuma da wuya a ce naka ya zo daidai da nasa. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne binciken da za ka yi wa kwamfutarka da hannunka, wanda ba zai ci maka ko sisi ba.

A fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, domin a nan ne yawancin tsofaffin kwamfutoci suke faɗuwa. Ka shiga Settings, sannan System, sannan About, za ka ga cikakken sunanta, misali Core i5-8250U. Lambar farko da ta biyo bayan ɗan layin nan ita ce ke nuna zubin da aka ƙera ta a ciki, wato wannan 'yar zubi na takwas ce. Idan kuwa ka ga lamba kamar 10210U ko 1135G7, to lambobi biyun farko za ka karanta, zubi na goma da na sha ɗaya ke nan. Windows 11 tana karɓar furosesar Intel ne daga zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, zuwa sama, in ban da wasu 'yan ƙalilan. A ɓangaren AMD iyakar ta faro daga jerin Ryzen 2000, amma ba dukkan 'yan wannan jeri ne suka samu shiga ba, don haka sai an duba jerin sunayen da Microsoft ya wallafa. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja na hannu ne, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su, kuma abin da aka fi kambamawa wajen ciniki shi ne kalmar i7. Alhali Core i7-6600U, duk da girman sunanta, 'yar zubi na shida ce kuma ba ta cancanta ba, ita kuwa i5-8250U ta wuce lafiya. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 duk suna cikin waɗanda aka bari a baya. EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 yawancinsu zubi na takwas ne, amma akwai waɗanda aka sa musu furosesar zubi na bakwai, shi ya sa sunan samfurin kaɗai bai isa hujja ba.

Wasu sharuɗɗan masu sauƙi ne: RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da sikirin da ya haura inci tara. Wannan shi ne mafi ƙaranci a rubuce, amma wanda zai buɗe burauza da shafuka da yawa tare da Word zai sha wahala idan RAM ɗinsa bai kai gigabait 8 ba.

Sharaɗin da ya fi rikita mutane shi ne TPM 2.0, wato ɗan sashen tsaro da ke adana makullan sirri na kwamfuta. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc, ka danna Enter. Idan taga ta buɗe ta nuna Specification Version 2.0, wannan ya wuce. Idan ta ce ba a samu TPM ba, kada ka yanke ƙauna tukuna, domin sau da yawa yana nan amma a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin tushe na injin da ke tashi kafin Windows, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Ana shiga BIOS ne da zarar an kunna kwamfuta kafin tambarin Windows ya bayyana: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Daga nan ka sake danna Windows da R ka rubuta msinfo32, ka nemi layin BIOS Mode da na Secure Boot State. Abin da ake so a gani a layin BIOS Mode shi ne UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta wanda tsaron Secure Boot ke buƙata. Idan ka ga Legacy, yana nufin wanda ya yi maka fomatin ya ɗora Windows ne bisa tsohon tsari, kuma idan ka je BIOS ka juya shi zuwa UEFI kai tsaye kwamfutar za ta ƙi tashi, sai an fara mayar da tsarin had dis ɗin daga MBR zuwa GPT da manhajar mbr2gpt da ke cikin Windows 10. Wanda bai saba da irin wannan aiki ba gara ya kai wa mai gyara ya tsaya a kansa. Akwai kuma manhajar PC Health Check ta Microsoft wadda za ta duba komai ta faɗa maka sharaɗin da ya gaza, amma sanin inda kowane abu yake shi zai ba ka damar gyara wanda ake iya gyarawa.

Kafin ka taɓa komai a BIOS, ka kwashe muhimman fayilolinka zuwa had dis na waje ko filashi, sannan ka duba ko BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan had dis, a kunne yake. Idan a kunne yake, ka nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta shi a takarda. Canji kaɗan a saitin TPM ko Secure Boot yana iya sa kwamfuta ta nemi wannan mabuɗi, kuma idan babu shi babu mai gyaran da zai iya buɗe maka bayananka.

Idan kwamfutar ta cika sharuɗɗa, hawa Windows 11 kyauta ne ga mai Windows 10 ta halal, kuma ta Windows Update ake yi. Aikin yana cin data gigabait da yawa, don haka a nemi waifai mai ƙarfi, a cika batir, a kuma bar caja a jone, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Idan ba ta cika ba, hanya mafi sauƙi ita ce sayen lokaci. Microsoft ya buɗe shirin ESU, wato ƙarin wa'adin samun gyaran tsaro, ga masu Windows 10 samfurin 22H2, wanda wa'adinsa ga ɗaiɗaikun mutane shi ne 13 ga Oktoban 2026, kuma ana shiga ne da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Gyaran tsaro kawai yake kawowa, babu sabon abu. Hanya ta biyu ita ce tsallake shingen sharuɗɗan Windows 11 da manhajar Rufus, wadda ke iya cire binciken TPM da Secure Boot daga filashin da za a yi fomatin da shi. Tana aiki a kan injina da yawa na zubi na shida da na bakwai, amma Microsoft ya bayyana cewa irin waɗannan kwamfutoci ba su da tabbacin samun sabuntawa, kuma babban sabuntawar shekara-shekara sau da yawa sai an sake ɗora shi da hannu. Tun daga samfurin 24H2 kuwa, tsofaffin furosesoci irin su Core 2 Duo ba sa ma iya tayar da Windows 11 ko da an yi dabarar. A ganina wannan hanya ta dace da kwamfutar gida da ake kallo da karatu da ita, amma ban ga hikimar ɗora abincin shago ko ofis a kanta ba.

Hanya ta uku ita ce Linux, kuma a nan ne ra'ayoyin mutane suka fi zafi, saboda haka a nan ne gwaji ya fi amfani. Kafin ka sauke komai, ka zauna ka lissafa manhajojin da kake ci da su. CorelDRAW, wadda masu shagunan buga kati da fosta suka dogara da ita, ba ta da samfurin Linux, haka ma Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel, amma takarda mai tebura da adon rubutu da yawa takan ɗan sauya tsari, abin da zai dami ɗalibin da zai miƙa kundin bincike ko mai buga wa jama'a takardu. Na'urorin ɗaukar hoton yatsa da ake rajista da su ma manhajarsu sau da yawa ta Windows ce kaɗai. Wanda aikinsa ya rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, amsarsa ta riga ta fito. Wanda kuwa aikinsa bai wuce burauza da imel da rubutu da kallon bidiyo da koyon rubuta manhaja ba, Linux za ta ishe shi, kuma tsohuwar kwamfutarsa za ta ƙara shekaru tana samun gyaran tsaro.

Ga sabon shiga, Linux Mint ta fi sauƙi domin fuskarta ta yi kama da ta Windows. Jerin Mint 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, yana da tallafi har zuwa 2029, yana iya tashi da RAM gigabait 2 ko da yake 4 aka fi so, kuma samfurin Xfce ya fi dacewa da injin da ya tsufa sosai. Ka sauke fayil ɗin ISO, wanda ke ɗauke da Mint gaba ɗaya, daga shafin linuxmint.com, nauyinsa wajen gigabait 3 ne, ka rubuta shi a filashi mai gigabait 8 da Rufus ko balenaEtcher, ka kuma tuna cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Sai ka kashe kwamfutar, ka kunna ta kana danna F9 idan HP ce, ko F12 idan Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filashin. Mint za ta tashi gaba ɗaya daga cikinsa ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba muddin ba ka danna alamar Install ba. Kamar ɗanɗana miya ne kafin a zuba a tuwo.

A cikin wannan zama na gwaji ka bi kayan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Ka jona waifai ka buɗe bidiyo ka ji ko sauti yana fita ta lasifika da ta abin sawa a kunne, ka gwada maɓallan ƙara haske da rage shi, ka buɗe kyamara, ka haɗa Bluetooth, ka rufe murfin kwamfutar na minti ɗaya ka buɗe ka ga ko za ta farka. Ka jona firinta ka buga shafi guda na gaske, ka gwada sikana, domin yakan faru firinta ta yi aiki amma sikanar da ke jikinta ta ƙi. Firintocin HP galibi ba sa ba da wahala saboda akwai manhajar HPLIP da kamfanin ya tanada domin Linux, wasu kamfanonin kuwa sai an nemo direbansu a shafinsu. Idan waifai bai bayyana ba sam, ka buɗe Terminal ka rubuta lspci, ka duba sunan katin. Idan Broadcom ne, ka jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet ta nan, sannan ka buɗe Driver Manager ya kawo direban da ya dace. Ta nan ne kuma ake ɗora direban katin hoto na NVIDIA bayan an gama sanyawa. Mai rubutu da Hausa ya shiga saitin kibod ya ƙara tsarin Hausa na Najeriya, wanda ke zuwa tare da Mint, ya tabbatar ɓ da ɗ da ƙ suna fita a LibreOffice da burauza. Jinkirin da za ka gani wajen buɗe manhajoji daga filashin ne, kada ka auna saurin Linux da shi.

Idan komai ya yi daidai, kana iya ajiye Windows da Mint a kwamfuta ɗaya ka riƙa zaɓa lokacin kunnawa, amma ka fara kashe Fast Startup a Windows, ka kuma warware BitLocker. Wani lokaci manhajar da ke sanya Mint takan ce ba ta ga had dis ba, wanda yawanci saitin had dis na Intel RST da ke cikin BIOS ne ke jawowa, kuma mayar da shi AHCI ba tare da an shirya Windows ba yana iya hana ta tashi. Bayan an gama, ka kunna Timeshift domin ya riƙa adana hoton tsarin da za a koma masa idan wani sabuntawa ya kawo matsala. Akwai kuma ChromeOS Flex ta Google, wadda ita ma ana gwada ta daga filashi, amma kusan komai nata a intanet yake kuma ba ta ɗaukar manhajojin Play Store, don haka ba ta dace da mai lissafin data ba.

Wanda ya yanke shawarar sayen wata kwamfutar ta hannu ya yi wannan binciken a gaban mai shago kafin kuɗi su fita daga aljihunsa. Ya karanta lambar furosesa a About, ya buɗe tpm.msc da msinfo32, ya tabbatar BIOS ba shi da kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya mallaki injin, domin kullen irin wannan yana hana canza duk saitin da aka ambata a sama. Sannan ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport, ya buɗe rahoton da zai fito, ya kwatanta Design Capacity, wato cajin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, wato wanda yake ɗauka yanzu. Idan ta biyun ta faɗi zuwa rabin ta farkon, to kuɗin sabon batir ya shiga cikin cinikin, kuma ya kamata a rage shi daga farashin.