Yadda za ka nuna wa yara tauraro ɗaya ya zama huɗu da gindin kofi

Wannan darasi na fi yin sa da dare bayan Isha'i, a ɗakin da muke karatu da yaran unguwarmu a nan Makka, domin yana son duhu. Kayan aikin ba su da tsada: kofin gilashi mai ƙafa, irin na shan lemo da ake samu a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalen, da fitilar waya, da ɗan kwali.

Gindin kofin kaɗai ake bukata, wato faifan nan mai kauri a tsakiya. Idan akwai wanda kansa ya riga ya fashe, shi ya fi. Ka goge bakin karayar, ka naɗe shi da salatif saboda hannun yara. Sai ka huda kwalin da allura, ka rufe fitilar da shi yadda ɗigon haske kawai zai fito, ka ajiye wayar can ƙarshen ɗaki. Yaro ya riƙe ƙafar kofin, ya miƙe hannu, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ɗigon ta cikin faifan.

Idan ido da tsakiyar faifan da fitilar suka daidaita, ɗigon zai baje ya zama zobe. Ya ɗan gusa gefe, zoben ya tsinke gida biyu. To yanzu ya karkata faifan a hankali. Nan ne ake haƙuri, don hannu na rawa, amma akwai inda ɗigo huɗu za su fito. Kada ka yi bayani tukuna. Bari kowa ya gani da idonsa.

Bayan nan ka buɗe musu hoton da madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauka a Nuwamba 2014, wanda masanin taurari Patrick Kelly ya gano fashewar wani tauraro a cikinsa. A nemi sunan SN Refsdal a intanet (SN na nufin supernova, wato fashewar tauraro). Za su ga ɗigo huɗu kewaye da wata galaksi, wato babban tarin taurari, a cikin cincirindon galaksi da ake kira MACS J1149. Tauraro ɗaya ne ya fashe, haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 9 da ɗoriya. A hanya ya ratsa wannan cincirindo, mai nisan tafiyar haske ta kusan shekara biliyan 5 daga gare mu. Nauyinsa, wanda mafi yawansa na wani abu ne da ba a gani, shi ya lanƙwasa sararin da hasken ke bi, kamar yadda Einstein ya bayyana a 1915. Ka faɗa musu a sarari cewa a sama babu gilashi, nauyi ne ke aikin.

Abin da ya fi burge ni, kofi ba ya iya nuna shi: lokaci. Ni da alhazai nake kwatantawa, tunda yaran nan sun san Hajji. Mutane sun tashi daga Muzdalifa tare, kowa ya kama hanyarsa zuwa Mina, wani ya riga wani isa. Hasken ma haka, wata hanyar ta fi tsawo, wata kuma nauyi ya fi jinkirta ta. Da wannan lissafi masana suka ce fashewar za ta sake bayyana a wani gefen cincirindon, kuma Hubble ya gan ta ranar 11 ga Disamba 2015. An faɗi wurin kafin ta fito! Duk sanda na zo nan sai na ce Subhanallah.

Amfanin jinkirin kuwa, Sjur Refsdal ɗan Norway ya hango shi tun 1964: idan aka auna tazarar isowar hotunan, za a iya lissafa saurin faɗaɗar sararin samaniya. Shi ya sa aka sa wa fashewar sunansa, kuma an fitar da sakamakon awon a 2023.

Manyan yara, waɗanda suka fara kimiyyar lissafi a makaranta, ka ba su aikin gida su nemo wata fashewar mai suna SN Requiem. An ga hotunanta uku a cikin abin da Hubble ya ɗauka a 2016, a 2021 kuma masana suka yi hasashen fitowar na huɗun wajen 2037. Su zana hanyoyin huɗu a takarda, su yi bayanin abin da ya tsayar da ta ƙarshen shekaru masu yawa.