Yadda Ake Gasa Burodin Dawa a Gida Ba Tare da Alkama Ba

Dogon burodin nan da ake karya kumallo da shi a Garwa da Marwa da Njamena na alkama ne, kuma abin da ke ba shi laushi da ramuka shi ne gulutin, wani sinadari mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir. Mai cutar siliyak ba ya iya cinsa, domin yana lalata masa bangon ƙaramin hanji. Dawa da gero da masara da shinkafa da rogo duk babu gulutin a cikinsu, sai dai garinsu ba ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, don haka dole a nemo abin da zai maye gurbin danƙon. A ganina babu kamar busasshiyar kuɓewa, wadda yauƙinta ke ɗaure kwaɓin yadda take ɗaure miya, sannan ƙwai ya taimaka mata.

Tun daga wurin niƙa ake fara kula. Injin unguwa da aka zuba wa alkama ɗazu yakan bar ragowarta a ciki, kuma ɗan wannan ya isa ya tayar wa mai siliyak da ciwo, saboda haka a nemi injin da ba a niƙa alkama ko sha'ir a cikinsa, ko a daka a turmi mai tsabta. Farar dawa ta fi dacewa, musamman muskuwari da ake girbewa da rani, wadda a Cadi ake kira berbere. Jar dawa kuwa tana da ɗan bauri. A tankaɗe garin sau biyu da rariya mai laushi.

A haɗa garin dawa giram 250, na shinkafa giram 150, da sitacin rogo giram 100. A zuba garin kuɓewa babban cokali ɗaya da rabi, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, sannan a jiƙa yis giram 7 da sukari babban cokali ɗaya a ruwan ɗumi, a bar shi minti 10 har ya yi kumfa. Daga nan sai a juye ruwan yis ɗin cikin garin, a fasa ƙwai biyu, a sa man gyaɗa babban cokali uku, a riƙa ƙara ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan har jimlarsa ta kai mililita 400 ko ɗan fiye.

A nan ne wanda ya saba da fulawa yake ruɗewa. Wannan kwaɓi ba a murza shi da hannu, ba ya kuma dunƙulewa. Bugawa ake yi da muciya kamar minti biyar, har ya ɗan fi ƙullun masa kauri, idan an ɗaga muciyar ya sauko a hankali yana jan zare. Wanda ya ga ruwa-ruwan ya tsorata ya ƙara gari, to, tubali zai fitar daga wuta. A juye kwaɓin a gwangwanin da aka shafa wa mai, kada ya wuce rabi da kaɗan, a lallaɓa samansa da jiƙaƙƙen cokali, a rufe. Tashi ɗaya kawai yake yi: a zafin Afirilu minti 30 na iya isa, lokacin hunturu kuwa yakan kai awa guda. Da ya kusa bakin gwangwani a sa shi a wuta, domin idan ya wuce lokaci tsakiyarsa za ta lotsa.

Mai na'urar gashi ta gas ko lantarki ya gasa a maki 190 a ma'aunin Salshiyas na tsawon minti 50 zuwa 60. Wanda ba shi da ita ya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya ɗora a garwashi har ya yi zafi, ya aza gwangwanin bisa ƙananan duwatsu uku, ya rufe, ya zuba garwashi kan murfin. An san ya nuna idan an ƙwanƙwasa gindinsa ya yi amo kamar ganga.

Kada a yanka shi da zafi, ko da yara na tsaye suna jira, don cikinsa bai gama kama jiki ba sai ya huce sarai, wajen awa biyu. Yana saurin bushewa fiye da na alkama. Abin da ya kwana biyu a yayyanka, a ɗumama a kasko da ɗan man shanu, a ci da shayi.