Yadda ake karatun jinyar lafiyar al'umma a jami'a

Maganar shiga ba sai na ja ta ba. Kiredit biyar ne: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, a JAMB kuma ki ajiye Lissafi ki rubuta sauran huɗun. Digirin shekara 5 ne, ana yin sa a ABU Zariya, BUK da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Amma kafin ki biya ko sisi a wata sabuwar jami'a, ki tabbatar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta amince da sashen. In ba ta yi miki rajista ba, babu lasisi, komai kyan sakamakonki.

Shekarun farko haddar sassan jiki ce da magunguna. Kada ki sayi sabon littafi, 'yan ajin gaba na sayar da nasu a rabin kuɗi.

Inda na fi ganin ɗalibai sun yi tuntuɓe shi ne zaman ƙauye da makaranta ke tura su don koyon aiki, ni ma can na sha kashi. Mun sauka da fararen kaya da takardun tambayoyi, muka faɗa gidaje kai tsaye. A gida na uku maigidan ya tare mu a zaure ya ce matansa ba sa nan, alhali muna jin daka a ciki. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa masu allurar hana haihuwa sun zo. Kwana huɗu babu wanda ya buɗe mana ƙofa.

Don haka ranar farko ki bar takarda a jaka. Ku fara da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, shi zai kai ku wurin dagaci, dagaci ya haɗa ku da mai unguwa da liman. Ku durƙusa ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Sannan ki nemi ungozomar garin, ki kira ta Inna, ki bi bayanta. Ita ta san wadda ta haihu jiya da wadda ke ɓoye yaro mai tamowa. Ɗalibai maza iyakarsu zaure da majalisa, kuma can ake samun amincewar magidanta.

In kin shiga, ki zauna a tabarma. Kada ki fara da "'ya'yanki nawa?" Ki tambayi lafiyar yara, ki nemi katin rigakafi. Jadawalin ya zauna a kanki: ranar haihuwa, sati 6, 10 da 14, sai ƙyanda a wata 9 da wata 15. Ki riƙe tef ɗin awon damtse a aljihu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne a tef ɗin, wato tamowa mai tsanani, a tura yaron asibiti ranar.

Rahoton kuwa ki rubuta shi kowane dare, ko da fitilar waya ce. Daga cikinsa za ki ciro batun binciken ajin ƙarshe. Jarrabawar Majalisa kuma tsofaffin tambayoyi za ki tara, ku zauna ku uku ko huɗu kuna yi wa juna.